Wa Ya Ci Gumin Efraín?

Dunmore Mills, 4 ga Yuni, 2011

Gwaggo Migdalia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa Alaska lafiya kuma aikin kifin bai fi ƙarfinki ba. Ni lafiyata ƙalau. Ƙanwata Ileana ma da sauƙi, asmarta ba ta tashi ba tun Afrilu, ga haƙoranta biyu na gaba sun faɗi, in ta yi dariya sai ka ce tsohuwa. Na so in kira ki, amma har yau hukumar kula da yara ba ta sa sunanki cikin waɗanda aka yarda mu yi waya da su ba, wai ke 'yar ƙanin kakanmu ce, dangantakar da nisa.

Albishirinki, na gama sakandare! Mama Odessa, matar da ke riƙonmu, ta yi ta ihu a zauren taro har wani ya juyo ya ce mata, "Baiwar Allah, ba ke kaɗai kika haihu ba." Ta ce, "Ban haife ta ba, shi ya sa nawa ihun ya fi naka." Ga hoto nan, a jikin sabuwar motarta muka ɗauka.

Ga abin da ke damuna. Ranar ashirin ga Satumba zan cika sha takwas, hukuma ta cire hannunta daga kaina. Na samu gurbi a makarantar koyon jinya da ke birni, amma ɗakin haya sai da dala ɗari tara a hannu kafin a ba ni mabuɗi. Ina da ɗari biyu da goma daga aikin shagon wanki. Ba roƙo nake ba, Gwaggo, na san Kaka, mahaifiyarki, tana kanki can gida Ponce. In dai kin san inda ake ɗaukar aikin ƙarshen mako, ko shawara, ki faɗa mini.

'Yarki,
Yaritza

Port Ansel, Alaska, 15 ga Yuni

Yaritza 'yata,

Na samu wasiƙarki, na gode wa Allah da kuke lafiya. Ni ma lafiya, ban da yatsuna da suka kumbura kamar rogo. Awa goma sha shida muke tsaye muna feɗe kifi. Hoton nan na liƙa shi a saman gadona.

Amma na karanta maganar dala ɗari tara sau uku ban gane ba. Ke da ke da kuɗi kike neman aikin ƙarshen mako? Ina kuɗin ubanki?

Efraín, Allah ya ji ƙansa, shekara ashirin da biyu yana hawa rufin gidajen mutane, kuma kowane albashi sai gwamnatin tarayya ta yanki nata. Wannan yankan ba sadaka ba ne. In ma'aikaci ya mutu ya bar yara, kowane yaro ana biyansa duk wata har ya girma. Matar da muke tebur ɗaya da ita a nan mijinta ya nutse a teku, da kuɗin nan take riƙe 'ya'yanta uku. Shekara biyar ke nan da ubanku ya faɗo daga rufi ya rasu, uwarku kuwa tun kafin nan ba wanda ya san inda take. Ni duk zatona ana tara muku, shi ya sa ban taɓa tambaya ba.

Ki tambayi matar nan da ke riƙonku. Ki dube ta ido cikin ido ki tambaye ta. Ban ce komai ba, amma na ga motar a hoto, tana sheƙi. Ruwa ba ya tsami banza.

Gwaggonki,
Migdalia

Dunmore Mills, 25 ga Yuni

Gwaggo,

Muna lafiya, da fatan yatsun sun saɓe. A gaggauce nake rubutu kafin in tafi aiki.

Wallahi ban taɓa jin wannan magana ba. Ba wanda ya taɓa ce mini Baba ya bar mana ko sisi. Na tambayi Mama Odessa muna cin abinci. Da farko dariya ta yi, ta ce, "Wane kuɗi? Ubanku attajiri ne ban sani ba?" Da na karanta mata bayaninki (na tsallake zancen mota) sai ta ajiye cokali. Can ta ce, "Yaritza, ki bar maganar nan a cikin gidan nan tukuna. Kada ki faɗa wa Misis Brandt, kada ki faɗa wa kowa a ofishinsu, sai na gama abin da nake yi."

Misis Brandt ita ce jami'ar hukumar da ke zuwa duba mu duk wata. To kin ji inda muka tsaya. Zan sake rubuto miki.

Yaritza

Dunmore Mills, 5 ga Yuli

Gwaggo Migdalia,

Ina gaishe ki. Lafiyar jiki muna da ita, amma ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ranar Alhamis Mama Odessa ta ɗauki hutu daga kicin ɗin makarantar da take aiki, ta kai ni ofishin fansho na tarayya da takardar haihuwata da ta mutuwar Baba. Mun yi awa biyu a layi. Ma'aikacin ya buga lambata, ya ɗago ya ce, "Ai ana biya. Dala ɗari shida da arba'in duk wata, tun Mayun 2006. Ƙanwarki ma haka."

Na ce, "Ana biyan wa?"

Sai ya juyo da allon kwamfutar ya nuna mini da biro. Gwaggo, sunan hukumar kula da yara ne a wurin. Wata biyu bayan an binne Baba suka cika takarda suka ce su ne wakilanmu. Ba su faɗa mana ba, ba su faɗa wa Mama Odessa ba. Na ce to a ina suka ajiye? Ya ce wannan kuma sai in tambaye su, amma abin da ya saba gani shi ne suna biyan kansu kuɗin riƙonmu da shi.

Mama Odessa ta dafa teburin ta ce, "Tsaya, ɗana. Kana nufin abincin da nake ba yarinyar nan, da kuɗinta aka saya?" Ya ce kusan haka ne. Ta ce, "Yaran da iyayensu ba su bar musu komai ba fa, wa ke biyan nasu?" Ya ce gwamnati. Ta ce, "Wato maraya ne kaɗai ke biyan kuɗin maraicinsa."

A mota na yi lissafi a bayan ambulan. Wata sittin da biyu. Dala dubu talatin da tara da ɗari shida da tamanin. Ni da nake naɗe zanin gadon mutane saboda ɗari tara!

Abin da ya sa Mama Odessa ta ce in yi shiru ke nan. Tun a teburin abinci ta yi zargin mutanen hukumar ne, ba ta so su ji mu shirya kafin mu samu takarda a hannu. Yanzu mun samu, kuma akwai wata lauya mai aikin kyauta da za ta gan mu ranar goma sha takwas. Motar kuwa, Gwaggo, ta hannu ce, ɗanta da ke soja ya saya mata, ita ce dai ba ta gajiya da goge ta. Don Allah ki cire wannan daga ranki.

Yaritza

Port Ansel, 7 ga Yuli

Yaritza,

Ina fatan kuna lafiya. Wasiƙarki ta ashirin da biyar ga Yuni ta iso shekaranjiya, tun daga nan ban ci abincin kirki ba.

"Kada ki faɗa wa kowa a ofishinsu, sai na gama abin da nake yi." Ke yarinya ce, shi ya sa ba ki ji abin da na ji ba. Mai gaskiya ba ya tsoron ofis. Me take gamawa? Ɓoye sawu take yi kafin Satumba, ki fita da jakar leda, ita ta ci gaba da tatsar ta Ileana shekara goma.

Ba zan zauna a nan ina feɗe kifi ana feɗe 'ya'yan Efraín ba. Jiya na rubuta wa shugaban hukumar kula da yara wasiƙa mai shafi uku. Na ba da sunanta da adireshinta, na ce tana cin kuɗin marayu, tana kuma tsoratar da ke kada ki yi magana. Na haɗa da kwafin layin nan naki da hoton motar. Wani da zai tafi Anchorage na ba, ya aika ta hanyar gaggawa, don jirgin wasiƙunmu hazo ya hana shi sauka tun da ya kawo taki. Wannan ma ta hannun wani zan aika ta.

Kada ki ji tsoro. Kina da dangi, ko da na nesa ne.

Gwaggonki

Dunmore Mills, 19 ga Yuli

Gwaggo,

Ba zan tambayi lafiyarki ba yau. Sun ɗauke Ileana.

Ranar Juma'a da safe tana cin hatsinta da madara, Misis Brandt ta shigo da wani mutum da takarda. Wai an kawo ƙara a kan gidan, dole a ɗauke ƙaramar yarinya har a gama bincike. Ni sun bar ni saboda saura wata biyu in cika sha takwas. Mama Odessa ta ce, "Wace ƙara? Wa ya kawo?" Suka ce ba sa faɗa. Amma na hango hoton a cikin fayil ɗin, ni da hular gama makaranta a jikin mota. Mutum ɗaya na aika wa hoton nan a duniya.

Minti ashirin suka ba mu. Ileana ta ƙanƙame ƙafar teburin tana cewa, "Me na yi? Yari, me na yi? Zan daina." Mama Odessa ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo tana nuna wa mutumin yadda ake girgiza maganin asma, tana ta maimaitawa, sau biyu in ta fara tari, sau biyu, ka ji? Suna fita ta zauna a ƙasan kicin. Shekara biyar ban taɓa ganin kukanta ba sai ranar.

Washegari wasiƙarki ta bakwai ga wata ta iso. Kin kai ƙarar ɓarawo wurin wa, Gwaggo? Wurin wanda kuɗin ke aljihunsa! Su sun fi kowa sanin ba ta taɓa ganin ko dala ɗaya ba, a asusunsu yake shiga. Duk da haka suka karɓi ƙararki hannu bibbiyu.

An kai ta wani gida mai yara shida a wani gari, tafiyar awa biyu. Sau ɗaya aka bar ni na ji muryarta. Ta ce ba ta son abincinsu, kuma wata yarinya ta ƙwace mata takalmi.

Shekara biyar kina aiko da katin Kirsimeti. Matar nan ita ke tashi in Ileana ta kasa numfashi. Ban nemi ki yi mana faɗa ba, shawara na nema.

Yaritza

Port Ansel, 29 ga Yuli

Yaritza,

Ban san da wane baki zan gaishe ki ba. Jirgi ya sauka yau, wasiƙunki biyu suka zo a buhu ɗaya, ta biyar ga wata da ta sha tara. Na buɗe ta farko a ɗakin cin abinci. Ina kai wa wurin da mutumin ya juyo da allon, na ce Ubangiji, me na aikata. Ta biyun a bayan ɗakin ƙanƙara na karanta ta, a tsaye.

Ranar da na zauna ina rubuta ƙara, gaskiyar tana kwance a buhu a wani filin jirgi tana jiran hazo ya washe. Amma ba zan ɗora wa hazo ba. Na ga mota na yanke hukunci. Ina jin kunyar cewa wata ce ta riƙe jinina ba ni ba, sai na ji daɗin samun laifinta. Gaskiyar ke nan.

Har yanzu kaina bai ɗauka ba. Hukuma? Waɗanda aka damƙa wa yaran? Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Na gaya wa matar da na ba ki labari, ta riƙe baki ta ce da ta mutu ke nan haka za a yi wa nata.

Ki faɗa mini abin da zan yi. Ko me ne ne. Ki ba ni sunan lauyar.

Migdalia

Port Ansel, 16 ga Agusta

Yaritza,

Kwana goma sha takwas, jirgi ya sauka sau biyar, babu taki. Ban ga laifinki ba. Ina fatan dai kina lafiya, kuma kina jin labarin Ileana.

Da ban ji daga gare ki ba, na sayi katin waya na bi layi, na kira kotun iyali ta garinku na yi ta tambaya har aka haɗa ni da lauyarku, Lauya Ruiz. Ta ce za a zauna ranar talatin ga wata. Na rubuta cewa duk abin da na faɗa a kan Odessa Pruitt zato ne, ban ga komai da idona ba, na janye. Na rantse a gaban mai hatimi na kamfani, na aika mata. Ta ce alƙali zai iya jin muryata ta waya. Shugaban aikinmu ya ce in na bar tebur a tsakiyar kifi zai yanke mini ladan ƙarshen kaka. Na ce ya yanke har da kaina in yana so, ofishinsa dai zan zauna a ciki ranar.

Ba sai kin amsa ba.

Migdalia

Dunmore Mills, 24 ga Satumba

Gwaggo Migdalia,

Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, Kaka ma da sauƙi. Na aika wannan Ponce tunda Lauya Ruiz ta ce aikin kifi ya ƙare kin koma gida. Wasiƙunki duka sun iso. Ban amsa ba ne don duk abin da na rubuta sai in ga bai kamata a aika wa babba ba.

Na san lauya ta gaya miki hukuncin a taƙaice, amma wayarki ta yanke kina tsakiyar kuka, ba ki ji yadda aka yi ba. Kowa a kotun ya ji lokacin da kika ce, "Ranka ya daɗe, ni ce na ɗauke yarinyar nan daga gidansu, ba su ba." Bayan layin ya mutu alƙali ya cire tabarau ya juya wurin lauyan hukuma. Ya ce, "Lokacin da ƙarar nan ta iso muku, kun san inda kuɗin yake?" Lauyan ya ce sashen kuɗi daban, sashen bincike daban. Alƙali ya ce, "Gini ɗaya ne?" Ya ce eh. "Hawa nawa ne tsakaninsu?" Ya ce ɗaya. Wani a baya ya yi dariya, alƙalin bai yi ba.

Sai ya tambaye ni ko ina da magana. Na shirya takarda guda, amma da na tashi duk ta ɓace mini. Na ce, "Shekara biyar ana ce mini in gode wa hukuma da ta ciyar da ni. Ina godewa kuwa, har kati na taɓa rubuta wa Misis Brandt. Ashe Babana ne ke ciyar da ni daga kabari. Ko da ba za ku ba ni ba, da sai ku faɗa mini, in san wanda zan gode wa." Misis Brandt ta sunkuyar da kai. Daga baya ta tare ni a bakin ƙofa ta rantse ita ma ba ta sani ba. Na yarda da ita, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Ileana ta dawo gida ranar biyu ga wata. Ta rame, kuma har yanzu in an ƙwanƙwasa ƙofa sai ta ruga bayan firiji. Ba zan ɓoye miki wannan ba. Amma ɗazu ta yi faɗa da Mama Odessa a kan wanka, to ina ganin tana dawowa.

Kuɗina sun tafi. Alƙali ya ce abin bai yi masa daɗi ba, amma doka ba ta hana su ba, ba shi da ikon sa su dawo da abin da aka kashe. Na Yuli da Agusta kawai aka tsayar, dubu ɗaya da ɗari biyu da tamanin. Na biya ɗakin, na fara makaranta ranar Litinin, ina dawowa nan duk Asabar.

Na Ileana kuwa mun tsare shi. Mama Odessa ta nemi zama wakiliyarta a ofishin tarayya, alƙali ya sa hukuma ta rubuta cewa ba ta ja. An buɗe asusu da sunan Ileana, ba mai taɓawa sai ta cika sha takwas. Lauya Ruiz ta ce ta riga ta gano yara goma sha ɗaya a ƙaramar hukumarmu kaɗai da ake yi wa haka, tana so in je majalisar jiha in faɗi abin da na faɗa a kotu. Na ce zan je.

Ban gama hucewa ba, Gwaggo. Amma ba don ke ba da har yau ban san Baba ya bar mana komai ba, kuma da na Ileana ma haka zai tafi. Na rasa yadda zan haɗa biyun nan wuri ɗaya, sai na bar su haka. Mama Odessa ta ce in bar mata wuri a ƙasan takardar nan.

'Yarki,
Yaritza

Migdalia, ni ce Odessa. Mako bakwai na yi ina zaginki a cikin addu'a, har faston cocinmu ya ce in rage. Yanzu na daina. Yaran nan sun samu mata biyu masu haukacewa a kansu, akwai yaran da ko ɗaya ba su da ita. Sai dai nan gaba in kin ji abu, ki kira ni ki zage ni kai tsaye, lambata na nan a bayan takardar. Akwai gado a ɗakin Yaritza daga Litinin zuwa Juma'a. Ki zo ki ga Ileana da idonki, ke ma ki ba ta haƙuri da bakinki, don ni ba zan isar miki da wannan saƙon ba.